Rubutun Alƙur'ani Da Hannu: Da Wane Ma'auni Za A Yi Alƙalancinsa?

Ɗalibin da ya haddace Alƙur'ani a Danko, cikin masarautar Zuru, ya san matakan da zai taka in yana son a gwada shi: daga ƙaramar hukumar Danko/Wasagu zuwa matakin jihar Kebbi, sannan musabaƙar ƙasa wadda Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato take shiryawa tun 1986. A can ana auna hadda da tajwidi da murya. Amma a tsarin tsangaya, cikar alaramma ita ce ya zauna da alƙalamin gamba ya rubuta izu sittin da ka. In aka jera irin waɗannan rubuce-rubuce gaban alƙalai, me za su duba?

A Istanbul, cibiyar IRCICA ta fara gasar kyawun rubutu ta duniya a 1986 ita ma. Salon Sulusi da Nasakhi suna bin ƙa'idar da ake jingina wa Ibn Muƙla, wanda ya rasu a 940, inda ake auna tsawon alifi da ɗigon bakin alƙalami. Ma'auni ne mai kyau, sai dai ba don hannunmu aka yanka shi ba. Rubutun Barno da Kano dangin Magaribi ne, mai kauri, a ruwayar Warshu. Fa'unsa ɗigo ɗaya a ƙasa, ƙafunsa ɗigo ɗaya a sama. Kuma ba baƙo ba ne, domin akwai Mus'hafin Barno mai ɗauke da tarihin 1669. Alƙalin da ya saba da bugun Madina kaɗai zai iya ɗaukar daidai a matsayin kuskure.

A ganina inganci ne farko. Harafi ɗaya da ya faɗi ya fi shafi goma na ado nauyi. Daga nan sai launuka, waɗanda mai kallo kan zata kwalliya ce alhali hukunci suke ɗauke da shi: baƙi ga jikin harafi, ja ga wasali, ruwan ɗorawa ga hamza, kore ga alifin sadarwa. Wanda ya musanya su ya ɓata karatu, komai kyan hannunsa. Sai a duba daidaiton layuka, da kalmar da ake ajiyewa a ƙasan warƙa don nuna wadda ke biye, tunda ba a ɗinke warƙoƙin, tadarishi ne ke riƙe su a cikin gafaka.

Zayyana ce ke zuwa a ƙarshe, ko da yake ita ke fara sace ido. Abin tambaya a kanta shi ne ko alamar sumuni da rubu'i da nusufi da izu da ta sujada kowacce ta faɗo a gurbinta, kuma ko makaranci zai bambance su daga nesa ba tare da ya tsayar da tilawa ba.