Kafa Ƙaramar Kwamfuta Karo na Farko a Ƙasar Ruma

A watan Satumba na shekarar 2021 aka katse layukan wayar salula a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda ta'adin 'yan bindiga, ciki har da Batsari da Safana, aka kuwa kwashe watanni a haka. Wannan al'amari ya kamata ɗalibi ko ma'aikacin da ke zaune a ƙasar Ruma ya riƙe shi a zuci ran da ya sayi ƙaramar kwamfutar nan mai falle guda da ake kira Raspberry Pi. Dalili kuwa shi ne, yawancin littattafan da ke koyar da kafa ta an rubuta su ne bisa zaton akwai intanet a ɗaki, da wutar lantarki wadda ba ta ƙiftawa. A Ruma dole a sauya tsarin.

Ita dai wannan na'ura ba ta wuce tafin hannu ba. Wata gidauniya ce a Kambirij ta ƙasar Ingila ta fitar da ita a shekarar 2012 kan dala 35, don yara su koyi sarrafa kwamfuta. Tana zuwa tsirara, ba akwati ba gilashin kallo, sai mai ita ya haɗa ta da talabijin da allon buga rubutu.

Abu na farko shi ne wuta, a nan ne kuma masu koyo suka fi yin asara. Samfurin Raspberry Pi 4, wanda ya fito a 2019, yana bukatar bolt 5 da amfiya 3. Cajar waya ta kasuwa sau da yawa ba ta kai ƙarfin da aka rubuta a jikinta, sai a ga na'urar tana nuna alamar ƙarancin wuta, tana jan ƙafa ko tana mutuwa tana tashi, har mutum ya zaci jabu aka sayar masa. Mafi muni kuma, idan wuta ta ɗauke a lokacin da take rubutu a katin memori, katin na iya lalacewa, aikin mako guda ya bi ruwa. Saboda haka ya fi kyau a ciyar da ita daga batirin sola, wanda ya riga ya zama kayan gida a ƙauyuka. Amma fa batirin nan bolt 12 gare shi. Wanda ya jona shi kai tsaye ya ƙone na'urarsa nan take. Tilas a sa 'yar na'urar rage ƙarfin wuta a tsakani, a kuma auna da mita kafin a jona. Abin farin ciki, cinta kaɗan ne, bai fi na ƙaramin ƙwan fitila ba.

Sai katin memori, wanda shi ne rumbunta. Da wata kwamfutar ake zuba masa manhajar Raspberry Pi OS ta hanyar Raspberry Pi Imager, a nan ne kuma ake zaɓar suna da kalmar sirri, domin tun 2022 aka daina fitar da ita da sunan da kowa ya sani. Wannan aiki a yi shi inda layi ke da ƙarfi, kamar Katsina ko Dutsin-Ma, inda Jami'ar Tarayya take tun 2011. A zauna a sauke komai a tafiya guda: cikakkiyar manhajar, da gyare-gyarenta, da littattafan koyo, har da Kiwix, wadda ke buɗe Wikipedia ta Hausa ba tare da intanet ba. Sa'an nan a kwafi katin a wani kati na biyu, a adana.

Gwajin farko ɗan ƙarami ne. A gefen fallen akwai allurai 40, waɗanda ta kansu ne na'urar ke ba sauran kayan lantarki umurni. A haɗa ɗan ƙwan fitila irin na jikin rediyo a allura ta 11, a bi da shi ta razisto mai om 330, a sauke a allura ta 6, sai a rubuta layi biyar ko shida da harshen Python. Idan ƙwan ya kama ya mutu bisa umurni, to an kama hanyar auna ruwan tankin burtsatse ko zafin ɗakin ajiyar magani. Sai dai a kula, alluran umurni bolt 3.3 kaɗai suke ɗauka.

Zafin bazara da ƙurar hunturu su ma abin lura ne, domin da zarar cikinta ya kai digiri 80 sai ta rage gudu da kanta. Akwati mai huda da ɗan ƙarfen shan zafi sun wadatar.

Akwai kuma wani aibi da ba ya bayyana sai layi ya yanke. Raspberry Pi 4 ba ta da agogo mai batirin kansa, daga intanet take ɗaukar lokaci. Wanda ya sa ta rubuta ruwan sama na damina a gonarsa, aka kashe ta aka kunna babu layi, zai tarar da alƙaluma a ƙarƙashin ranakun da ba nasu ba. Maganin shi ne ɗan agogon DS3231 da ake soka wa a alluran, ko kuwa a sayi Raspberry Pi 5 ta 2023, wadda ta zo da agogo a jikinta, sai batirinsa kawai za a saya daban.