Sauya Sheƙa Tsakanin Kamfanonin Zuba Jari: Ina Matsayin Wanda Ba Shi Da Digirin Kasuwanci?

A Amurka da Turai akwai kamfanonin zuba jari da sana'arsu ita ce tara kuɗi daga asusun fansho, kamfanonin inshora da attajirai, su sayi kamfani sukutum, su gyara shi, sannan su sayar bayan 'yan shekaru. Aikin ya yi kama da na mai sayen ramammen sa ya ɗaure a turke har ya yi ƙiba. Tambayar da ke damun matasan ma'aikatansu ita ce ko mutum zai iya barin wannan kamfani ya koma wancan, har ya ci gaba, ba tare da digiri na biyu a fannin kasuwanci ba, watau MBA.

Tarihin sana'ar bai nuna cewa takardar wajibi ce ba. George Roberts, ɗaya daga cikin mutum uku da suka kafa KKR a 1976, shari'a ya karanta, kuma kamfanin nan ne ya kammala sayen RJR Nabisco a 1989 kan kuɗi kimanin dala miliyan dubu 25. David Rubenstein na Carlyle, wanda aka kafa a 1987, shi ma lauya ne, haka nan marigayi David Bonderman na TPG. Sai dai waɗannan da hannunsu suka gina kamfanoninsu, babu wanda ya zauna ya tantance takardunsu.

Inda takardar take da ƙarfi shi ne mataki guda. Bisa al'adar manyan kamfanonin Amurka, matashi yakan yi shekara biyu a bankin zuba jari, a ɗauke shi wa'adin shekara biyu ko uku yana lissafi da binciken kamfanonin da za a saya. Da wa'adin ya cika, a da akan ce ya tafi makaranta irin ta Harvard ko Wharton kafin a yi maganar ƙarin girma. Wanda bai tafi ba, a nan yakan tsaya. Mafitarsa ita ce ko dai ya samu ƙarin girma kai tsaye a inda yake, abin da kamfanoni da dama suke yi yanzu, ko kuma ya koma matsakaicin kamfani inda ma'aikata ba su da yawa, kowa yana ganin aikin kowa. A Landan ma dai ba a cika ɗora wa takardar nauyi irin na Amurka ba.

Bayan wannan mataki, abin da dillalan ma'aikata suke tambaya shi ne cinikin da mutum ya sa hannu a ciki: wane kamfani aka saya, wa ya samo shi, nawa aka zuba, nawa ya dawo. Wanda ya ƙware a fanni ɗaya, kamar magunguna ko makamashi, ya fi saurin samun gurbi. Kuma tun da sana'ar ta mutane kaɗan ce, sabon maigida yakan tuntuɓi tsohon kafin ya yanke shawara.

Abin da ya fi takarda ɗaure ƙafar ma'aikaci shi ne rabon riba. Yawanci waɗannan kamfanoni suna karɓar kashi 2 cikin 100 na jarin kowace shekara a matsayin ladan kulawa, da kashi 20 cikin 100 na ribar da aka samu. Daga wannan kashi 20 ake yanka wa manyan ma'aikata rabonsu, amma ba ya zama mallakinsu sai a hankali, shekara bayan shekara, alhali asusun kansa yakan ɗauki kimanin shekara 10 kafin a rufe shi. Wanda ya tashi a shekara ta uku yakan bar kaso mai tsoka a baya, kuma ba kowane sabon kamfani ne zai yarda ya cike masa giɓin ba. Har ila yau, yarjejeniyar aiki takan hana shi fara aiki da abokin gasa sai bayan wasu watanni. Saboda haka masu dabara sukan jira lokacin da sabon kamfanin ya gama tara kuɗin sabon asusu, domin a lokacin ne ake buɗe gurabe kuma ake raba kason riba tun daga tushe.