Dariyar Jiki Da Dariyar Harshe A Finafinan Barkwanci

A cikin fim ɗin The Gold Rush na shekarar 1925, yunwa ta gallabi Charlie Chaplin har ya dafa takalminsa, ya ɗora bisa faranti, ya zauna yana ci cikin natsuwa sai ka ce wanda aka gayyata walima. Bai furta ko kalma ɗaya ba, domin a wancan zamani sinima ba ta da murya, amma duk ƙasar da aka nuna shi an fahimta. Wannan ita ce dariyar jiki, wato ta tuntuɓe da faɗuwa da yamutsa fuska, wadda ba ta bukatar tafinta.

Akwai kuma dariyar zambo, wadda ake harbin manya da ita. Chaplin ɗin dai ya yi ta a 1940 cikin The Great Dictator, inda ya mai da Hitler abin dariya a daidai lokacin da sojojinsa suka mamaye rabin Turai.

A ƙasar Hausa kuwa nauyin abin ya fi karkata ga harshe. Marigayi Usman Baba Pategi, wanda ya rasu a 2023, ya gina Samanja Mazan Fama bisa Hausar bariki, ga tsawa, ga gutsattsarin Turanci. Da yake shi kansa tsohon soja ne, gidansu yake yi wa dariya, saboda haka babu mai cewa ya ci mutuncin wani. Rabilu Musa Ibro, tsohon gandiroba da ya rasu a 2014, ya haɗa jiki da harshe a finafinan da ake kira camama, ya kuma ƙware wajen shiga rigar fitattun mutane, kamar yadda aka gani a Ibro Awilo da Ibro Usama.

Inda gizo ke saƙa shi ne kwaikwayon karin harshen wata ƙabila. Sau da yawa akan fito da Bagwari ko Bafillatani ko Bayarabe yana karya Hausa, ana cutarsa a kasuwa, 'yan kallo na ƙyaƙyatawa. Masu shirya finafinan sukan ce ai wasan taubasai ne, irin na Fulani da Barebari, ko Kanawa da Zagezagi, ko Gobirawa da Yarbawa. To, amma wannan wasa na gargajiya yana da ƙa'ida. Gaba da gaba ake yinsa, tsakanin waɗanda suka gaji juna da wasan, kuma wanda aka zolaya yana da ikon ramawa nan take, wani lokaci ma har ya ƙara da riba. A fim kuwa ɓangare ɗaya ne ke riƙe da kyamara, ɗaya ɓangaren ba shi da bakin amsawa. Bugu da ƙari, yaron da ya tashi a birni bai taɓa zama da Bagwari ba, abin da ya gani a allo shi zai ɗauka halinsu ne.

Abin lura ma shi ne, mutanen da Hausawa ke kira Gwari, su Gbagyi suke kiran kansu, kuma a ƙasarsu aka gina Abuja. Amma har yau, idan yaro ya kasa furta kalma daidai, a gidaje da yawa cewa ake yi yana gwaranci.