Injin Wankin Mota Ya Rage Ƙarfi: A Gyara Ko A Sake Kan Famfo?

Idan ƙungiyarku ta sayi injin wankin mota ta ba matasa haya, kun san ranar da yake kawo kuɗi. Alhamis, ranar kasuwar Maigatari, babura da motocin dabbobi ba sa yankewa. To sai wata rana yaron da ke riƙe da shi ya zo taro ya ce inji ya mutu, a sayi sabo. Kada ku yi saurin buɗe akwati.

Abu biyu ne aka haɗa wuri ɗaya: injin da ke shan fetur, da kan famfo mai matsa ruwa. Muddin inji yana tashi lafiya amma ruwan ne ba ya fita da ƙarfi, matsalar tana wajen famfo, kuma shi ana iya kwance shi daban.

A fara da abin da ba ya cin kuɗi. A duba bakin bindigar ko ya toshe, a wanke rariyar da ke mashigar ruwa, a ga ko tiyo ya tsage yana jan iska. Sau da yawa a nan magana take ƙarewa.

In ba a nan ba ne, sai makanike ya buɗe. A ciki akwai fistan guda uku, kowane da robobin da ke hana ruwa tsere masa, da ƙananan bawul guda shida. Ruwa na ɗiga ta ƙarƙashin famfo? Robobi ne suka cinye. Ƙarfi na zuwa yana ɗaukewa? Galibi yashi ne ya maƙale a bawul. Duka biyun gyara ne mai sauƙi. Ku kuma leƙa man famfon, domin yana da nasa daban da baƙin man inji. In ya koma fari kamar nono, ruwa ya shiga, a canja robobi da man tun kafin ƙarafan ciki su ci juna.

Yashi kuwa shi ne babban abokin gaba a ƙasarmu. Daga Gagarawa har Sule Tankarkar ƙasar rairayi ce, ruwan duro ko na 'yan garuwa ba ya rabuwa da shi, ballantana lokacin hunturu. A bar ruwa ya kwanta, kada bakin tiyo ya taɓa gindin duro. Kada a tada inji babu ruwa a ciki. Sannan wata ɗabi'a ta samari: a saki bindiga a tsaya hira inji yana ta aiki. Ruwan da ke ciki yana zagayawa ne yana zafi, cikin 'yan mintoci sai ya dafa robobin.

Sake kai ya zama dole idan jikinsa ya tsage, ko yana ƙwanƙwasa daga ciki, ko irin mai arahar nan ne da aka rufe ba a yi shi don gyara ba. Shawararmu, in kuɗin gyara ya haura rabin kuɗin sabon kai, a sayi sabon. Wanda za a aika Gumel ko Sabon Gari a Kano ya tafi da tsohon a hannu, saboda kaurin sandar inji da ramukan ƙusoshi ba ɗaya ba ne, wata milimita 19 ce wata 20, kuma ba sa shiga juna.

Kuɗin fa? Ba daga asusun taimakon juna ba, wannan na rashin lafiya da haihuwa ne. Ku ware wani kaso daga kowace haya, magatakardiya ta rubuta shi a shafinsa. Makanike ya faɗi farashi gaban mambobi biyu, ya dawo da tsofaffin kayan da ya cire, a kawo su taro tare da rasit kafin ma'ajiya ta biya cikon kuɗin aikinsa.