Inshorar Manyan Motoci: Wa Take Biya?

Duk motar da ta yi lodin shinkafar Bakolori daga Talata Mafara, Bakura ko Maradun, doka ta wajabta mata inshorar biyan diyya ga wanda ta yi wa ɓarna. A watan Janairun 2023 hukumar NAICOM ta ƙayyade kuɗinta ga babbar motar kaya a kan Naira 100,000 a shekara, diyyar dukiya kuwa har Naira miliyan 5. Abin da ya sa wannan ke yiwuwa shi ne, motoci dubbai ke zubi, kaɗan ke haɗari.

Amma a lura, wannan takarda ba ta biyan mai motar, balle mai buhunan. Idan mota ta kife da damina shinkafa ta jiƙe, cikin 'yan kwanaki fumfuna za ta kama ta. Sai wanda ya yanki inshorar kaya daban zai ga diyya.