Ɗalibi a Ɗakin Binciken Ilimin Duwatsu

Tarihin baka ya ce wani maƙeri daga Gaya mai suna Kano ne ya bi sawun tama har ya yada zango a gindin Dala. Wanda ya taso a Gaya ko Ajingi yana sha'awar ilimin duwatsu yana da magabata ke nan, kuma ba sai ya yi nisa ba: Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Ɗangote da ke Wudil, wadda ta fara aiki a 2001, tana da sashen wannan fanni, haka ma Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello a Zariya.

Digirin farko ta hanyar JAMB ake shigarsa. Daga digiri na biyu zuwa sama kuwa, yana da kyau a fara neman malamin da zai duba aiki kafin a cike fom. Ɗalibi mai wayo yakan karanta abin da malamin ya wallafa, sannan ya je masa da tambaya ɗaya tak. Wanda ya ce "ranka ya daɗe, duk abin da ka ba ni zan yi" yakan daɗe yana jiran amsa.

Yankin Gaya da Ajingi kuwa ba ya rasa tambaya. Yana kusa da inda tsohon dutse mai tauri, wanda ya haura shekara miliyan 500, yake nutsewa ƙarƙashin yashi da lakar kwarin Tafkin Chadi idan aka doshi Jigawa. A cikin yashi ruwa yana bazuwa. A kan dutse kuwa sai inda ya ruɓe ko ya tsage ake samunsa, shi ya sa rijiyar burtsatse takan ba da ruwa a wannan unguwa, a haƙa wata a maƙwabciyarta a tarar da ƙura. Gano dalilin haka aikin digiri ne sukutum.

Rabin aikin a gona ake yinsa, galibi da rani bayan an kwashe amfani. Sai an gaida dagaci ko mai unguwa an yi masa bayani tukuna, don kada a ɗauka ma'adinai ko fili aka zo nema. Daga nan a kafa sandunan ƙarfe huɗu a layi ɗaya, biyu na waje su tura lantarki cikin ƙasa, biyu na ciki su auna. Duk lokacin da aka ƙara nisan na wajen, lantarkin yana ƙara nitso. Laka mai danshi tana barinsa ya wuce cikin sauƙi, lafiyayyen dutse yana tare shi. Sabon shiga shi ke jan waya da buga guduma cikin rana, kuma ta nan malami yake gane wanda zai rubuta lambar da na'ura ta nuna da wanda zai rubuta wadda yake so.

A ɗakin gwaji ana yanka dutse, a manna shi a gilashi, a goge har kaurinsa ya koma milimita 0.03, haske ya ratsa shi a gane ma'adinan da ke ciki. Gwajin da ya fi ƙarfin kayan sashe sai a kai shi ɗakunan binciken Hukumar Safiyon Ma'adinai ta Ƙasa a Kaduna, ko a aika waje. Sau da yawa ɗalibi ne ke biya daga aljihunsa, sai fa wanda ya dace da tallafin asusun bunƙasa fasahar man fetur (PTDF), ko malamin jami'a da TETFund ta ɗauki nauyinsa.

Guraben bincike na bayan digirin digirgir ba su da yawa a jami'o'inmu. Masu nemansu sukan duba Afirka ta Kudu ko Jamus, inda gidauniyar Humboldt take da tallafin Georg Forster don masana daga ƙasashe masu tasowa. A can ma sai wani farfesa ya amince zai karɓi mutum kafin a duba takardunsa.