Wasan da rairayin Gure ba zai hana ba

Ƴan uwa mata, duk wadda ta taɓa tura keken guragu daga bakin kwalta zuwa cikin unguwa a nan Gure ta san abin da rairayi yake yi wa taya. Ga nutsewa, ga ƙaya. Shi ya sa da yawa daga cikin ƴaƴanmu da ƙannenmu da shan inna ya taɓa, ko haɗarin mota ya shanye musu ƙafafu, suke wuni wuri ɗaya. In an yi maganar wasan motsa jiki a gabansu sai a ce, "To, da wace ƙafa?"

Wasannin kuwa akwai su. Wanda aka fi sani a ƙasar Hausa shi ne ƙwallon guragu, wanda wani Bakano, Misbahu Lawan Didi, ya ƙirƙiro a 1988. Ɗan wasa yana zama bisa katako mai ƙananan tayoyi, ya tura kansa da hannu, ya bugi ƙwallo da hannu. A Najeriya har gasa ake shiryawa a lokacin ranar yaƙi da shan inna ta duniya, 24 ga Oktoba. Wasa ne mai daɗin kallo, amma yana son fili mai faɗi na siminti ko kwalta, yana son ƙarfin kafaɗa, kuma mu faɗi gaskiya, kusan duk maza ne ke yin sa. Yarinyar da ke zaune a tsakar gida ba ta ciki.

Wanda ya fi jan hankalinmu shi ne wani da ake rubutawa boccia, ana faɗinsa boca. Kun san fetank, wasan nan da maza ke jefa ƙwallayen ƙarfe? To ɗan uwansa ne, sai dai a zaune ake yi, ƙwallayen kuma na fata ne masu taushi. Guda 13 ne: ja shida, shuɗi shida, fari ɗaya. A fara jefa farin. Sannan kowane ɓangare ya yi ƙoƙarin kai nasa kusa da shi, ko ya ture na abokin karawa. Wanda ƙwallonsa ya fi nisa da farin shi ke ci gaba da jifa har ya kusanto ko nasa su ƙare. In an gama a duba: duk ƙwallonki da ya fi na abokiyar karawarki kusa da fari, maki ɗaya ne. Ana yi mutum da mutum, ko biyu-biyu, ko uku-uku.

Abin da ya burge mu, keke ba ya motsi ko kaɗan. A ajiye ki wuri ɗaya, shi ke nan. Mai hannu ta jefa da hannu, mai ƙafa ɗaya lafiyayya ta tura da ƙafa. Wadda hannun ma ya shanye, ana kafa mata wani abu kamar indararo a gabanta, ita ce za ta ce a karkata shi dama ko hagu, sannan ta saki ƙwallo ya gangara, ko da sandar da aka ɗaura mata a kai ne. Mai taimaka mata dole ta juya wa fili baya, don kada dabarar ta zama tata. Wannan doka ta yi mana daɗi ƙwarai. Mutumin da kullum ake yanke masa shawara, yau shi ke ba da umarni. Kuma ba wasan yara ba ne: tun 1984 yake cikin gasar Paralimpik, babbar gasar naƙasassu ta duniya.

Filin gasa tsawon mita 12 da rabi ne, faɗin mita 6, amma na koyo daɓen siminti na aji ko na shago ya isa. Ƙwallon bai kai awon gram 300 ba, girmansa ya ɗan wuce lemun zaƙi. Wannan ai ba zai gagari dukawan Damagaram ba, mu ma masu ɗinki a cikinmu za su iya haɗa shi da ƙyalle mai kauri a cika da gero.

Ga masu ƙarfin hannu akwai jifa daga zaune: mashi, dalma da faifai. Ana zama bisa kujerar ƙarfe wadda tsayinta bai wuce santimita 75 ba, a ɗaure ta da ƙasa, a ɗaure mai jifar a jikinta. Mai walda zai iya yin irinta, rairayi kuma nan ya zama alheri, tunda mashi cakewa yake. Flora Ugwunwa ta Najeriya da jifan mashi a zaune ta ci zinariya a Riyo a 2016, ta sake ci a Tokiyo. Wata kuma, Folashade Oluwafemiayo, a kwance ta ɗaga kilo 167 a Faris a 2024, fiye da buhun gero uku masu kilo 50.

Ina ruwan asusu da wannan? Tun da Mata Masu Dubara ta fara a jihar Maraɗi a 1991, abin da muka iya shi ne tara kaɗan-kaɗan da haɗuwa kowane mako ba fashi. Kuɗin taimako da muke warewa don biki da rashin lafiya, a ganinmu ƙwallo 13 ba za su karya shi ba. Babban aikin ma ɗauko mutum ne daga gida da mayar da shi. Amalanken wa za a ara? Wa za ta je ta roƙi uban yarinya ko mijin mace ya bari ta fito? Wannan sai an sa a cikin maganar taro, a rubuta suna, kamar yadda muke rubuta zubi.

Sai a kula da abu biyu. Wanda lakarsa ta taɓu sau da yawa ba ya jin zafin zama, fata ta mutu a ɗuwawu ta zama gyambo bai sani ba. A sa masa matashi mai taushi, a riƙa ɗaga shi ko karkata shi kowane minti 15 zuwa 30, a duba fatar in an koma gida; in an ga ja wanda bai washe ba, a kai shi likita. Na biyu, wasunsu ba sa zufa a sashen da ya shanye, zafi na kama su da wuri. Don haka a lokacin bazara a bari sai bayan la'asar, a inuwa, da tulun ruwa a gefe da tsumma jiƙaƙƙe na shafa wuya.